Awon fili da kusurwa da tazara: amsoshin tambayoyin da mutanen Zangon Kumasi suka fi yi

Duk wanda ya sayi fili a Kumasi ko kewayenta, ko a Sawaba ne ko Parkoso ko can hanyar Kenyase, ya ga safiyo ya zo ya kafa na'ura mai ƙafa uku, ya leƙa, ya rubuta lambobi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mai fili yana tsaye yana kallo, bai san me aka auna ba, alhali gumin shekarunsa ne a wurin. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin asalin aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi mana, a bakin aiki ko a ƙofar masallaci.

Malam safiyo, wai me kuke leƙawa ne a cikin na'urar nan?

Abu biyu ne: kusurwa da tazara. Kusurwa ita ce yawan juyawar da ido zai yi daga wani abu zuwa wani, ana ƙirga ta da digiri. Tazara kuwa nisan da ke tsakanin wuri da wuri.

Dukkan aikin yana komawa ne ga alwatika, wato zanen nan mai gefe uku da kusurwa uku. In ka san tsawon gefe ɗaya da kusurwa biyu, lissafi zai ba ka sauran gefunan ba tare da ka taka su ba. In kuma ka san tsawon gefe ukun duka, lissafi zai fito maka da kusurwoyin. Hanya ta farko ita ce awo da kusurwa, wadda a makarantar safiyo ake kira tirayanguleshin. Ta biyu ita ce awo da tazara, tirailatareshin.

Ta yaya za a san nisan wuri ba tare da an je ba?

Mu ɗauka kana son sanin nisan hasumiyar wani masallaci, ga gidaje da kwatoci sun tare hanya, ba damar jan tef. Sai ka nemi wuri biyu a buɗaɗɗen fili da ake hango hasumiyar daga kowanne, ka auna tsakaninsu da kyau, a ce mita 200. Wannan layin shi ne tushe, kuma duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Ka kafa na'ura a wuri na farko, ka saita ta kan wuri na biyu, ka juya ta zuwa tsinin hasumiya, ka karanta digiri 70. Ka koma wuri na biyu ka yi haka, ka sami digiri 65. Kusurwoyin kowace alwatika in aka tara su digiri 180 ne, saboda haka wadda ke can kan hasumiya 45 ce. Da ƙa'idar lissafin alwatika da ake kira sayin (sine), wadda ake koya wa yara a sakandare, hasumiyar tana nisan mita 256 da 'yan kai daga wuri na farko, kusan 266 daga na biyu. Ba wanda ya hau ta, ba wanda ya tsallake kwata.

Kuma gefen da ka samo yanzu da lissafi zai iya zama tushen wata sabuwar alwatika, ita ma ta haifi wata. Haka ake ɗinka su har su rufe ƙasa guda.

Awo da tazara fa?

Ka tuna ragon layya da aka ɗaure a turke da igiya. In ya ja igiyar ta miƙe, ka san nisansa daga turke, amma ba ka san ta wane ɓangare yake ba, zai iya zama ko'ina a kan da'irar da igiyar ta shata. Ƙara masa igiya ta biyu daga wani turke, ita ma a miƙe: yanzu wuri biyu kaɗai zai iya tsayawa, inda da'irorin suka haɗu. Igiya ta uku daga turke na uku za ta raba gardama, wuri ɗaya ya rage.

Haka safiyo yake yi. Turakunsa alamomi ne da aka riga aka san matsayinsu, igiyarsa tef ce ko haske ko saƙon tauraron ɗan'adam.

In haka ne, me ya sa magabata suka fi dogara da kusurwa?

Saboda auna doguwar tazara a zamaninsu azaba ce. Sarƙa ko sandar ƙarfe ake shimfiɗawa ɗaya bayan ɗaya, a share daji, a daidaita gangare, a kuma lissafa yadda zafin rana ya miƙar da ƙarfen. Layin kilomita goma yakan ci makonni. Kusurwa kuwa sai mutum ya hau tudu ya karanta ta zuwa wani tudun mai nisan kilomita 30 ko fiye, in sama ta washe. Shi ya sa suke zuba duk ƙarfinsu a kan layin tushe ɗaya ko biyu, sauran kuma su bar wa kusurwa.

Wani masani mai suna Gemma Frisius ne ya rubuta bayanin wannan hanya a 1533. A 1615 Snellius ya gwada ta a ƙasar Holan, ya jera alwatikai tsakanin garuruwan Alkmaar da Bergen op Zoom, yana amfani da hasumiyoyin coci a matsayin alama. Daga 1792 Delambre da Méchain suka shafe wajen shekara shida suna awo daga Dunkirk ta Faransa zuwa Barcelona ta Sifen, kuma daga wannan aikin aka yanke tsawon mitar da ake awo da ita yau. A Indiya William Lambton ya fara babban awo a 1802, George Everest ya gaje shi, kuma da kusurwoyin da aka karanta daga nesa, fiye da kilomita 150, aka lissafa tsayin dutsen da ya fi kowanne a duniya. A 1856 suka bayyana ƙafa 29,002. Ba wanda ya kai ƙololuwarsa sai 1953.

Ina so ɗalibanmu na makarantun Islamiyya su san cewa tun kafin waɗannan duka, wajen shekara dubu da suka wuce, Al-Biruni ya auna tsayin wani dutse a Nandana, cikin Fakistan ta yau, ya hau ya auna kusurwar da ke tsakanin idonsa da inda sama ta haɗu da ƙasa, daga nan ya lissafa girman duniya. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja malamai irinsa zuwa wannan ilimi shi ne neman alƙibla daidai.

Me ya sauya daga baya?

An sami na'urar da ke auna tazara da haske. A ƙarshen shekarun 1940 Erik Bergstrand na Suwidin ya ƙera Geodimeter, sannan a 1957 Tellurometer ta Trevor Wadley ta fito daga Afirka ta Kudu, ita da igiyar rediyo take aiki. Abin da ke cin makonni ya koma na mintoci, awo da tazara ya sami gindin zama.

Na'urar da kuke gani a hannunmu yau, total siteshin, ta haɗa biyun. Tana karanta kusurwa, tana kuma harba haske zuwa madubin da yaron safiyo yake riƙe da shi a kan sanda, hasken ya dawo, ta faɗi nisa. Mai kyau a cikinsu kuskurenta a kilomita guda bai wuce 'yan milimitoci ba. Amma in yaron ya karkatar da sandar, ko ya tsaya a gefen fila, wato turken da aka kafa don nuna alama ko iyaka, maimakon tsakiyarta, ingancin na'urar bai amfana komai ba.

A nan Gana wa ya fara wannan aiki, kuma yana da alaƙa da filina?

Yana da alaƙa ta kai tsaye. Gordon Guggisberg, wanda aka fi sani da gwamnan da aka gina asibitin Korle Bu da tashar jirgin ruwa ta Takoradi a zamaninsa, safiyo ne tun asali. Daga 1902 zuwa 1908 awon ƙasar nan ya yi, har da yankin Asante, lokacin da rigingimun iyakar wuraren haƙar zinariya suka yi yawa. Ya dawo a matsayin gwamna daga 1919 zuwa 1927.

A kudu, inda akwai tuddai, an kafa alamomi a kan duwatsu aka haɗa su da alwatikai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda ba tudun da za a hango wani daga kansa, sai aka bi hanyar jera layi bayan layi, ana auna tsawon kowanne da kusurwar da ya karya. Duk wanda ya san dajin Asante ya san wahalar hango abu daga nesa a cikinsa, ga kuma hazo in hunturu ya shigo.

Daga wannan aikin aka sami ma'aunin Akara na 1929, wato tushen da ake lissafa matsayin wurare daga gare shi, da tsarin lambobin ƙasa da ake lissafawa da ƙafa. Lambobin nan masu tsawo da kake gani a gefen sayit filan ɗinka, wato takardar zanen filinka, su ne ke faɗin inda filinka yake a cikin Gana gaba ɗaya. In an yi awon yadda ya kamata, kwanar filinka tana ɗaure da wata alamar gwamnati, ita kuma tana ɗaure da wata, har zuwa waɗancan na kan duwatsu.

Ni mace ce, na sayi filoti ƙafa 100 da 70. Na sa an auna gefe huɗun da tef, duk sun cika. Ai shi ke nan ko?

Hajiya, da saura, kuma wannan ce tambayar da na fi so kowa ya karanta amsarta.

Gefe huɗu ba sa tsayar da fili. Fili zai iya karkacewa, ya zame gefe guda, amma kowane gefe ya ba ku tsawonsa cif: 100, 70, 100, 70. Abin da ke tona asirin karkata shi ne awon da aka ja daga kwana zuwa kwanar da ke fuskantarta ta tsakiyar fili, wanda magina ke kira dayagonal. Da zarar an ja shi, filin ya rabu gida biyu, kowanne alwatika ce mai gefe uku sanannu, kuma alwatikar da aka san gefunanta uku ba ta da wata siffa sai guda. Wannan shi ne awo da tazara a mafi sauƙinsa, tef kawai yake buƙata da mutum biyu.

Ga filoti 100 da 70 mai kwanoni a miƙe, dayagonal ƙafa 122 ne da kusan inci ɗaya, kuma na biyun ma haka zai ba ku. In kuka auna ɗaya kuka sami 130, ɗayan zai faɗo ƙasa da 114. Faɗin filin bai ragu sosai ba, murabba'in ƙafa 70 da 'yan kai ne cikin 7,000. Amma kwanoni biyu sun zame da ƙafa 10 daga inda ya kamata su kasance. Ƙafa 10 ɗaki ne guda. Ɗaya kwanar ta shiga filin maƙwabci ko ta hau hanya, ta ɗaya ɓangaren kuma an bar wa wani naku. Ba za a gane ba sai ranar da maƙwabcin ya zo da nasa safiyon, ku kuma kun riga kun kai gini linta.

Ba kowane fili ne aka yanka da kwanoni a miƙe ba, wani hanya ce ta karkatar da shi, wani rafi. Wannan ba laifi ba ne muddin haka takarda ta nuna. Abin nema shi ne ƙasa da takarda su faɗi magana ɗaya. Ku ce wa safiyo ya lissafa muku dayagonal biyun daga lambobin da ke kan takardar, ku sa a ja tef a gabanku. A miƙe tef ɗin sosai, kada ya yi ciki, kuma in wurin gangare ne a ɗaga shi ya kwanta daidai, domin awon taswira na shimfiɗe ne, ba ya bin gangare.

Birkilan da zai fitar muku da fandisho ma dabarar da yake yi ke nan: ya auna ƙafa 3 ta wannan igiya, 4 ta waccan, in tsakaninsu ya ba shi 5 kwanar ta miƙe. Nagari yakan ninka ya yi 6 da 8 da 10, ko 12 da 16 da 20, don kuskure ya ragu.

Wayata tana nuna inda nake a taswira, kuma ina da adireshin GhanaPost GPS. Me zai hana in auna filina da ita?

Ƙanena, wayarka awo da tazara take yi, wannan gaskiya ne. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokacin da ya taso. Waya tana duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka, ta mai da shi nisa. Tana buƙatar taurari huɗu aƙalla: uku don matsayi, na huɗu don gyara agogonta, domin saƙon yana gudun kilomita 300,000 a sakan, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya zama mita 300 a ƙasa.

Amma ko a fili fetal waya takan kauce da mita uku zuwa biyar. A cikin lungunan Aboabo ko Sabon Zango, inda saƙon ke dukan kwanon rufi da bango kafin ya iso, abin ya fi haka. Adireshin GhanaPost GPS da aka ƙaddamar a 2017 kuwa ya yanka ƙasa ne murabba'i-murabba'i, mita biyar da biyar, don a kawo maka saƙo ko motar asibiti ta same ka. Ba a yi shi don shata iyaka ba.

Akwai wani tarkon kuma. Lambobin waya a kan ma'aunin duniya suke, na tsohuwar takardarka a kan ma'aunin Akara. In aka ɗora wannan a kan wancan ba tare da an juya lissafin ba, bambancin yana kai ɗaruruwan mitoci. Sai ka ga fili a takarda ya faɗa unguwar da ba tasa ba.

To ai safiyo ma GPS yake zuwa da ita.

Tasa biyu ce ko fiye. Ɗaya tana zaune a kan alamar da aka san lambobinta, ɗaya a kan kwanar filinka, duka suna sauraron taurari iri ɗaya a lokaci ɗaya. Kuskuren da sararin sama ya jawo kusan iri ɗaya ne a wurin biyun, sai a cire shi, kuskuren da ya rage ya zama santimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa za ka ga ya bar na'ura a kan fila ya koma inuwa ya zauna. Ba hutu yake yi da kuɗinka ba, na'urar ce ke tara bayanai, kuma in ka matsa masa ya ɗauke ta da wuri kai za ka yi asara.

Wanne ya fi inganci, kusurwa ko tazara?

Kowanne da inda yake tuntuɓe. Kuskuren kusurwa yana girma da nisa: minti ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, yakan zama santimita 29 a kilomita guda, digiri ɗaya cur kuma mita 17 da rabi. Siffar alwatikar ma tana da tasiri a hanyoyin biyu. In ta yi siririya kamar tsinke, ƙaramin kuskure yana kumbura, don haka ake son kowace kusurwa ta tsaya tsakanin digiri 30 da 120. Awo da kusurwa yana da wata fa'ida: in ka karanta ukun ka tara ba su ba ka 180 ba, nan take ka san akwai matsala. Gefe uku kuwa galibi za su ba ka alwatika ko da ɗaya ƙarya ne, sai ka ƙara awo na huɗu kafin ka kama shi. A ganina safiyon kirki shi ne wanda yake auna fiye da abin da lissafi ya buƙata.

An tumɓuke filar da ke kwanar filinmu. Mu mai da ita inda muke tunawa?

Kada ku mai da ita da ka, Baba, ko da kuna ganin ramin. In sauran filolin suna nan kuma takarda tana da lambobi, safiyo zai dawo da ita wurinta daga biyu ko uku da suka rage. Ku kira maƙwabcin da kuka haɗa iyaka ya tsaya a yi a gabansa, da shaidu.

Ina ba kowa shawara tun ranar da aka kafa fila ya auna nisanta daga abubuwa uku da ba sa motsi, kamar kwanar ginin maƙwabci, turken lantarki da bakin kwalbati, ya rubuta ya ajiye tare da takardun fili, ya kuma ɗauki hoto. Wannan ba ya maye gurbin safiyo a kotu, amma ranar da aka matsar da ita ko da taku ɗaya ne za ku gane.

Wanda kuma yake ganin matsar da fila wayo ne, ya tuna ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai sauya alamar iyakar ƙasa, kuma wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai.

Mai sayarwa ya ba ni sayit filan daga fadar sarki. Ya isa?

Yawancin filayen Kumasi na kujerun sarauta ne, saboda haka daga fada ake farawa, kuma a ƙa'ida maganar tana bi ta ofishin filaye na Asantehene a Manhyia. Amma takardar da mai sayarwa ya miƙo maka, wanda ya zana ta shi ya biya. Ɗauki naka safiyon mai lasisi ya je ya ɗauki lambobin filin da aka nuna maka da ido, a gwada da na takardar, sannan a kai Hukumar Filaye a bincika ko wani ya riga ka. Tun dokar 2008 sashen awo da taswira yana ƙarƙashin wannan hukuma, kuma shi ke amincewa da filan ɗin da za a yi rajista da shi. Ka tambayi sunan mai lasisin da zai sa hannu, ka tabbatar da shi a can. Da yawa daga masu yawo da na'ura yaran aiki ne, ba laifi su yi awo, amma sa hannun ba nasu ba ne.

Duk wannan kafin ka biya kuɗi ne, ba bayan ka biya ba. In kuma rikici ya taso, dokar filaye ta 2020 ta haramta ɗaukar 'yan daba su tsare fili, hukuncinta ɗauri ne ga su da wanda ya ɗauke su.

Ɗana yana son lissafi. Ina zai koyi wannan sana'a?

Ba sai ya yi nisa ba. Jami'ar KNUST a nan Kumasi tana da sashen injiniyancin awon ƙasa, jami'ar ma'adinai ta Tarkwa ma tana koyarwa, akwai kuma makarantar awo da taswira a Akara. Ya riƙe lissafin alwatika da kyau tun daga sakandare, in an yi hutu kuma ku haɗa shi da wani safiyo ya riƙe masa sanda. 'Yan mata ma suna karanta shi suna kuma aiki da shi. Muna da buƙatar 'ya'yan Zango a wannan fage, waɗanda za su tsaya a gidan gado a Yalwa ko Asawase su yi wa magada bayanin rabon da harshen da tsohuwar gidan za ta gane, su nuna mata a ƙasa inda kason kowa ya tsaya.